Masu Ɗinka wa Magani Riga

A lungun ɗakin goggona a Garam, can bayan randa inda rana ba ta kaiwa, akwai tukwane biyu, ƙarama a cikin babba, an cike tsakaninsu da yashi. Safe da yamma jikanta yakan ɗebi ruwa a moɗa ya jiƙa yashin, a mayar da jiƙaƙƙen tsumma a rufe. Dabarar nan ce da Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a karkarar Jigawa har aka ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000, don manoma su riƙa adana tumatir da alayyahu. A tukunyar Goggo ba tumatir ba ne. Kwalbar insulin ce, wadda ya kamata a ce tana cikin firji, sai dai wuta ba ta zama, ciwon suga kuwa bai san an ɗauke wuta ba.

Wata safiya ina zaune bakin tabarmarta ta ɗaga gefen riga, ta tattaro fatar cikinta da yatsu biyu, tana neman wurin da bai yi tauri ba. Shekaru sun ja, wuraren da allura ba ta taɓa ba sun yi ƙaranci. Da ta gama ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ku da kuka yi boko, me ya hana a mai da abin nan ƙwaya? Na ciwon kai ƙwaya, na hawan jini ƙwaya. Shi kaɗai ne sai an huda mutum?"

Na ce, "Goggo, ciki ne ke cinye shi kafin ya kai jini."

Ta ce, "To a naɗe shi mana, yadda ake naɗe alala a ganye."

Abin da Goggo ta faɗa cikin numfashi ɗaya shi ne aikin da masana harhaɗa magunguna suka shafe shekara ɗari suna fama da shi. An gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, aka fara yi wa ɗan adam allurarsa a Janairun 1922, kuma tun a shekarun nan na farko likitoci suka gwada ba da shi ta baki bai yi aiki ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Insulin furotin ne, ɗan'uwan abin da ke cikin nama da ƙwai da wake, cikin ɗan adam kuwa an halicce shi ne don ya narkar da irin waɗannan. Ruwan tsamin tumbi ya warware shi, sinadaran narkar da abinci su daddatsa shi gunduwa-gunduwa. Cikin kashi ɗari da aka haɗiya, ko ɗaya ba ya isa jini.

Ganyen alalar da Goggo ta nema an daɗe da samo shi. Tun zamanin tsofaffin likitocin nan Ar-Razi da Ibn Sina ake ba da labarin masu magani suna lulluɓe ƙwaya da yauƙin iri ko da ruwan azurfa da zinariya don a ɓoye ɗaci. A yau akwai rigar da ake sa wa ƙwaya ko kafso wadda tsamin tumbi ba ya narkar da ita, sai ta sauka hanji, inda tsamin ya ragu, sannan ta buɗe. Duk wanda aka taɓa ce wa a kemis kada ya tauna ko ya daka wata ƙwaya, ya haɗiye ta yadda take, ya riƙe irin wannan riga a tafin hannunsa. An tsallake tumbi ke nan. Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin a hanji akwai wani shinge da mutane ba su cika tunawa da shi ba, kuma shi ne ya fi ba ni mamaki.

Wanda yake so ya gan shi da idonsa ya je kwata da sassafe, wurin masu gyaran kayan ciki. Ka lura da yaron mahauci idan ya juya hanjin sa, ciki ya koma waje: sai ya matse shi tsakanin yatsa da babban yatsa ya ja, wani abu mai santsi, fari-fari, ya taru a gaban yatsunsa ya zubo yana jan zare. Ya ɗauraye, ya sake ja, abin bai ƙare ba. Matan gida sukan sa gishiri ko lemun tsami kafin ya saki. Wannan ita ce majinar hanji. Mu a wurinmu ƙazanta ce da ake wankewa kafin a ɗora farfesu. Ga mai rai kuwa garkuwa ce. Ita ke tsaye tsakanin naman jikinmu da duk abin da muka haɗiya, da tarin ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjinmu waɗanda yawansu ya wuce a ƙirga.

Kusan kashi 95 cikin ɗari na majina ruwa ne. Abin da ya ba ta yauƙi wasu dogayen zarurruka ne da ake kira musin, waɗanda wasu tantanai na musamman a bangon hanji ke fitarwa ba dare ba rana. Zarurrukan suna sarƙewa da juna su zama kamar komar masunta, idanunta kuwa daga kimanin nanomita ɗari zuwa 'yan ɗaruruwa. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita. Kaurin gashin kai guda yakan kai nanomita 80,000. Ruwa da gishiri da suga da ƙananan magunguna irin na ciwon kai suna wucewa ta idanun komar ba tare da sun san tana nan ba. Babban abu kuwa sai ya tsaya. To da a ce girma ne kaɗai matsalar, da abin ya zo da sauƙi, sai a ƙera abin da ya fi idon koma ƙanƙanta. Sai dai komar nan an shafe ta da danƙo. A jikin kowane zare akwai reshe-reshen suga masu ɗauke da cajin lantarki na negatib, waɗanda ke fizgo duk abin da ke da cajin fozitib, akwai kuma gurabe masu maiƙo da ke kama duk wani abu mai gudun ruwa. Wanda ya taɓa ɗana wa tsuntsu danƙo a reshe yana yaro ya san yadda abin yake: ƙafa ɗaya ta taɓa, garin fizgewa fiffike ya taɓa, shi ke nan. Kowane kamu shi kaɗai ba shi da ƙarfi. Yawansu ne ke riƙe abu.

Ga kuma na uku, majinar ba a tsaye take ba. Sabuwa tana ɓullowa daga ƙasa, tsohuwa tana zamewa ta bi abinci ta fita. Masu bincike a Gotenbag ta ƙasar Suwidin, waɗanda suka nuna a 2008 cewa majinar babban hanji hawa biyu ce, sun gano cewa a jikin ɓera hawan ciki yakan sabunta cikin kimanin awa guda. Duk abin da ya maƙale, an kama shi kuma an yi waje da shi.

Da aka fara ƙera 'yan mitsi-mitsin kwantena masu ɗaukar magani, waɗanda ake kira ƙwayoyin nano, tunanin farko da ya zo wa masana shi ne su yi amfani da danƙon. Suka ce tunda majina na kama abu, bari a sa ƙwayar ta manne da gangan, ta daɗe a hanji tana sakin magani. Aka riƙa lulluɓe su da kitosan, wani sinadari da ake samu daga ɓawon ƙaguwa da jatan lande, mai cajin fozitib. Suna mannewa kuwa, ba musu. Amma a ina? A saman majinar, hawan da ake shirin zubarwa. Kamar mutum ne yana son shiga gari ya ɗafe bayan motar da ke fita daga garin.

Da ɗan gari akan ci gari. Waɗanda suka nuna hanya su ne ƙwayoyin cutar bairos, da suka daɗe suna ratsa majinar ɗan adam suna shiga jikinsa. A Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimo a Amurka, Richard Cone da abokan aikinsa sun nuna a 2001 cewa wasu ƙananan bairos, masu faɗin nanomita 38 da 55, suna yawo cikin majina kusan kamar yadda suke yawo cikin ruwa. Da aka duba fatarsu sai aka ga abin mamaki. Cike take da caji, fozitib da negatib a cakuɗe kurkusa da juna, kusan daidai wa daida, har ɗaya ya kashe ɗaya. Tana son ruwa, ba ta da wani gurbi mai maiƙo a fili. Danƙo ya miƙo hannu bai sami wurin kamawa ba.

Daga nan Justin Hanes da ɗalibinsa Samuel Lai, a jami'ar dai, suka tambayi kansu ko za a iya ɗinka wa ƙwayar roba irin wannan fata. Zaren da suka zaɓa shi ne foliyetilin gilaikol, wanda aka fi sani da PEG. Ba baƙo ba ne: tun 1977 Frank Davis da Abraham Abuchowski suka nuna a Jami'ar Rutgers cewa idan aka ɗaura shi a jikin furotin yakan ɓoye shi daga sojojin jiki, kuma duk wanda aka yi wa rigakafin korona na Pfizer ko Moderna an sa masa 'yan ƙwayoyin mai masu sanye da shi. Ba shi da caji, yana kuma jawo ruwa ya yafa a jikinsa. A 2007 suka wallafa abin da suka gani. Sun ɗauki ƙwayoyin roba masu faɗin nanomita 100 zuwa 500, wasu tsirara wasu sanye da PEG, suka zuba cikin ɗanyar majinar bakin mahaifa ta ɗan adam. Tsirarun sun tafi da nawa ninki 2,400 zuwa 40,000 idan aka kwatanta da tafiyarsu cikin ruwa, wato a taƙaice sun kafe. Masu riga na nanomita 200 da 500 kuwa ninki huɗu zuwa shida kawai suka rage gudu. Kafin wannan lokaci yawancin masana sun ɗauka abu mai girman nanomita 500 ba zai taɓa ratsa majina ba. Ashe ƙofa a buɗe take, riga ce ba a saka daidai ba.

A nan gwanintar take, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan zauna da ni. Ba shafa PEG ne aikin ba. Mutane da yawa sun shafa kafin su, ƙwayoyinsu suka maƙale. Aikin shi ne yawan zaren da tsawonsa. Idan aka dasa zarurrukan jefi-jefi a jikin ƙwaya, kowane zare sai ya nannaɗe ya kwanta, ya bar fili tsakaninsa da maƙwabcinsa, musin ya zura hannu ta filin ya cafke robar da ke ƙasa. Idan kuwa aka dasa su kurkusa, babu wurin kwanciya, dole kowanne ya miƙe tsaye yana jingine da ɗan'uwansa, kamar gamba a fadama ko bakin sabon buroshi. A lokacin ne ƙwayar ke zama dunƙulen ruwa a idon majina. Tsawo ma da nasa sharaɗin. A gwajin da suka wallafa a 2008, gajeren zare ya wuce, dogo ya sarƙe da musin ya mai da ƙwayar mai mannewa. Daga baya aka gano cewa dogon ma yana wucewa muddin an cika shi sosai. Sinadari ɗaya ne, roba ɗaya ce, amma tazarar da ido ba zai taɓa gani ba ita ke raba maganin da ya isa da wanda ya bi bayan gida.

Yadda ake ɗinkin kansa abin kallo ne, kuma ba shi da hayaniya. Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka fi bi, wadda masana a Faransa suka bayyana a 1989, ga yadda take. Ana samun wata roba mai narkewa a jiki, PLGA, irin wadda ake yin zaren ɗinkin tiyata da ita, a ɗaura wa kowane silinta jelar PEG tun kafin a fara. A narkar da ita cikin asiton, ruwan nan mai kaifin wari da mata ke goge jan farce da shi. A gefe ga kofin gilashi da ruwa, a ƙasansa wani ɗan maganaɗisu yana juyawa kamar maburgi a tukunyar miya. Mai aikin ya ɗebi narkakkiyar robar a sirinji ya riƙa ɗigawa, ɗigo bayan ɗigo, hannunsa ba ya rawa. Da ɗigon ya taɓa ruwa sai asiton ya watse, robar da ke gudun ruwa ta dunƙule ciki, jelar da ke son ruwa ta juyo waje. Ƙwayar da kanta take saka rigarta. Ba a ganin komai sai ruwan ya ɗan sauya, ya yi wani shuɗi-shuɗi mai hazo, kamar an ɗiga madara a kofin ruwa. Gogaggen ma'aikaci daga wannan launi yake fara sanin ko aiki ya yi. In ya yi fari fat kamar nono, ƙwayoyin sun yi girma. In ya ga gudaji, sai a zubar a sake. Saurin ɗigo, saurin maburgi, kaurin narkakkiyar roba, zafin ɗaki, kowanne yana taɓa girman ƙwaya. Insulin kuma, da yake mai son ruwa ne kuma ba ya jure wahala, sai an bi da shi ta wata hanya mai hawa biyu, a fara kulle ɗigon ruwansa cikin mai sannan a kulle man cikin ruwa, ana kaffa-kaffa kada girgiza ta lalata shi.

Bayan ɗinki sai awo. Wata na'ura tana haska leza cikin ruwan, daga yadda hasken ke kyaftawa ta faɗi girman ƙwayoyin. Wata ta auna cajin fatarsu. Ana so ya matso kusa da sifiri, domin alama ce riga ta rufe jiki ruf. Amma gwajin gaskiya sai an koma wurin mahauta. A ƙasashen da ake wannan bincike, ɗalibai kan je mayanka su karɓo ɗanyen hanjin dabba cikin ƙanƙara, su tsaga shi, su kankaro majinar a hankali, abin nan dai da yaron kwata ke zubarwa a kwatami. A ɗiga ƙwayoyin da aka rina da launi mai ƙyalli a ciki, a sa a madubin ƙara girma, a ɗauki bidiyo na daƙiƙa ashirin ko makamancin haka. A allon kwamfuta baƙi ƙirin sai ka ga ɗige-ɗigen haske kamar taurari. Waɗanda rigarsu ba ta yi ba suna nan a kafe, suna ɗan karkarwa wuri ɗaya kamar akuya a turke. Waɗanda rigarsu ta yi suna yawo, su yi nan su yi can, su fice daga allon. Kwamfuta ta bi sawun kowace ɗaya ta zana hanyar da ta bi. Watanni na aiki, a daƙiƙa ashirin ɗin nan ake yanke musu hukunci.

Duk lokacin da na yi tunanin wannan sana'a sai tukwanen ƙasarmu su faɗo mini a rai, kuma ba don kwalliyar zance ba. Matan Gwari na yankin Suleja sun san cewa tukunya ba ta gamu ba sai an gyara fatarta. Suna goge ta da santsin dutse tun tana ɗanya, in ta fito daga wuta da zafinta su yayyafa mata ruwan makuba, ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, ta yi cuu, ta yi duhu, ƙofofin jikinta su toshe. A Suleja, lokacin tana amsa sunan Abuja, Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, bayan ya ga tukwanen Ladi Kwali a fadar Sarki Sulaimanu Barau. Ta shiga cibiyar a 1954, mace ta farko, aka riƙa lulluɓe tulunanta da ruwan gilashin da aka haɗa daga toka da garin dutse. Hotonta ne a bayan takardar naira ashirin. Yumɓu ɗaya ne, amma randar Goggo da ba a shafa mata komai ba tana tsatsafar da ruwa, shi ya sa take sanyaya shi, tulun da aka yi wa gilashi kuwa ko ɗigo ba ya fita. Abin da ke tsakanin abu da duniya fatarsa ce, kuma mai sana'a shi ne wanda ya san wace fata ta dace da wane aiki. Maginiya tana auna kaurin shafinta da yatsa. Mai ɗinka wa magani riga yana auna nasa da leza.

To an ratsa majina, sai me? Sai aka tarar gaba kura baya siyaki. Bayan majina akwai bangon hanjin kansa, tantanai jere kafaɗa da kafaɗa an ɗinke tsakaninsu. Don ƙwaya ta shiga sai ta manne wa tantani ya haɗiye ta, tantani kuwa abin da yake so shi ne mai cajin fozitib ko mai maiƙo, wato ainihin abin da majina ke kamawa. Rigar da ta sa ƙwaya ta zama tarwaɗa a hannun majina ita ce ke sa ta zame a bakin ƙofa. Wannan cikas shi ya haifar da dabarun da suka fi burge ni.

A Jami'ar Sicuwan ta ƙasar Sin, ƙungiyar Yuan Huang ta wallafa a 2015 wata ƙwayar insulin mai riga biyu. Ta ciki mai cajin fozitib ce, mai son shiga tantani. Ta waje mai santsi ce, kuma ba a ɗinke ta da ta ciki ba, yafa ta aka yi. Yayin da ƙwayar ke kutsawa cikin majina, mayafin yana saɓulewa kaɗan-kaɗan, ta isa bango da rigar ciki kaɗai. A Insburuk ta ƙasar Ostiriya kuma, Andreas Bernkop-Schnürch ya bi ta wata hanya da nake ganin ta fi dabara. A bakin tantanan hanji akwai wani sinadari da aikinsa shi ne yanke fosfet daga jikin abubuwa. Sai suka jera wa ƙwayar fosfet a fata, wanda ke ba ta cajin negatib, majina ta ƙyale ta. Tana isa bango, sinadarin nan ya aske fosfet ɗin, cajin ya juye ya koma fozitib, ta manne daidai inda ake so. Mai gadin ƙofar da kansa aka sa ya tuɓe wa baƙo alkyabba. Wasu kuma sun koma ga darasin bairos kai tsaye, suna yin fata mai fozitib da negatib a haɗe. Wasu a Shanghai sun nuna cewa ƙwaya mai siffar sanda ta fi mai siffar ƙwallo iya ratsawa, domin tana juyi tana murɗawa ta cikin idanun komar.

Akwai wata hanyar da nake kallo da ɗari-ɗari. Ana ɗaura wa ƙwaya sinadarin fafen na ƙaron gwanda, ko buromelen na abarba, waɗanda ke yanke zaren musin, ta riƙa sara tana wucewa. Mun san ƙarfin abin, tunda da ganyen gwanda ake naɗe nama mai tauri ya yi laushi. Yana aiki a gwaji. Amma mai ciwon suga ba sau ɗaya zai sha magani ba, kullum ne har ƙarshen rayuwa, kuma shingen da aka sara don magani ya wuce, ƙwayar cuta ma ta ga hanya. Na fi girmama wanda ya wuce ta ƙofa bai karya ƙyaure ba.

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Wajibi ne a faɗi inda aka tsaya, don kada wani ya karanta wannan ya ajiye allurarsa. Har yau babu ƙwayar insulin ta nano da likita zai rubuta wa Goggo. Yawancin nasarorin nan a jikin ɓeraye aka same su, hanjin mutum kuwa ya fi tsawo, majinarsa ta fi kauri, abincinsa yau tuwo gobe shinkafa. Kamfanin Novo Nordisk na Denmak ya kai wata ƙwayar insulin har gwajin mutane, ta sauke suga, amma ya dakatar da ita a 2016 saboda yawan insulin da ake bukata a kowace ƙwaya ya sa kuɗinta ba zai biyu ba. Kafson kamfanin Oramed ya faɗi a babban gwajinsa a Janairun 2023. Wanda ya tsallake shi ne Rybelsus, ƙwayar semagulutayid da Amurka ta amince da ita a 2019 don nau'in ciwon suga na biyu, sai dai ba insulin ba ce, ba kuma ta nano ba ce. Kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne ke shiga jini, sai an sha ta da sassafe ciki ba komai, da ɗan ruwa kaɗan, a jira rabin awa kafin a karya. Ita kuwa rigar Baltimo ta isa kasuwa, amma ta ƙofar ido: Inveltys, maganin ɗigawa da aka amince da shi a 2018, ƙwayoyinsa an yi musu riga ne don su ratsa majinar da ke kan ƙwayar ido. Wannan ya nuna dabarar ba mafarki ba ce. Hanji ne dai ya fi ido wuyar sha'ani.

Abin da ke sa masana ba su haƙura ba ya wuce tsoron allura. Insulin da jiki ke yi da kansa hanta yake fara zuwa, ta jijiyar da ke kwasar jini daga kayan ciki. Wanda aka tsira a fata kuwa sai ya zaga jiki kafin ya isa can. Wanda ya shiga ta hanji zai bi tsohuwar hanyar da aka halitta masa. Kuma busasshiyar ƙwaya, in an dace da haɗinta, ta fi ruwan kwalba jure zafi, wanda a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne.

Kada kuma a ɗauka aikin na Turawa da Sinawa ne kaɗai. Farfesa Michael Adikwu, wanda ya shugabanci Jami'ar Abuja daga 2014 zuwa 2019, ya ci kyautar kimiyya ta Najeriya da kamfanin NLNG ke bayarwa a 2006 saboda bincikensa kan musin na dodon koɗi wajen warkar da rauni. Yauƙin nan da katantanwa ke bari a bayanta in ta bi bango da damina, shi ya ɗauka da muhimmanci. A Jami'ar Najeriya da ke Nsukka masu bincike sun ci gaba a kan wannan layi, har sun haɗa musin da PEG suka ɗora masa insulin suka ba ɓeraye masu ciwon suga ta baki. A Idu, cikin Abuja, tafiyar da ba ta da nisa daga Suleja, akwai cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, inda aka daɗe ana gwada sitaci da ƙaro na tsirranmu a matsayin kayan haɗa ƙwaya. Ƙaron da ake tsinta a dazukan Yobe da Borno da Jigawa ana loda shi a buhu a kai Turai, a tace, ya dawo mana cikin magani da lemun kwalba. Ina jin takaicin wannan. Muna da ƙaro, muna da gwanda, muna da kwata a kowane gari, muna da yara masu kaifin kai a sassan harhaɗa magunguna na Zariya da Kano da Sakkwato. Na'urar awon girma da caji da wutar da ba ta yankewa su ne ke da wuyar samu, kuma ba su fi ƙarfin ƙasa ba.

Da na koma Garam bayan sallah na yi ƙoƙarin mayar wa Goggo wannan duka a taƙaice. Na ce mata an sami ganyen, an kuma gano cewa bayan ganye sai an yi wa maganin riga mai santsi, rigar kuma dole ta san lokacin da za ta tuɓe kanta. Ta saurara tana jan carbi, ta tambaye ni ko masu yin abin sun taɓa wanke hanji da hannunsu. Na ce mata da shi suke gwaji. Ta gyaɗa kai ta ce, "To sun san abin da suke yi. Allah ya ba su sa'a, ko ba don ni ba." Sannan ta ƙwala wa jikanta kira, yashin tukunya ya fara bushewa.